Juya jariri da hannu kafin haihuwa: yadda na samu hidimar a wani asibitin kuɗi a Kano

Akwai wata hidima da wasu likitocin mata suke yi a birnin Kano wadda mata da yawa ba su san da ita ba, wato juya jaririn da ya zauna a mahaifa, kansa a sama ɗuwawunsa a ƙasa, ta hanyar ɗora hannu a kan cikin uwa har kan ya dawo ƙasa kafin naƙuda ta taso. An yi mini wannan aiki a cikina na huɗu, a wani asibitin haihuwa na kuɗi da ke yankin Tarauni, kuma ina ganin ya dace in bayyana yadda hidimar take, inda suka kyauta da inda suka gaza, saboda matan da ake gaya wa cewa ɗansu a zaune yake, sannan a sallame su ba tare da wani bayani ba. Ba zan kama sunan asibitin ba, domin akwai kurakuran da zan faɗa, kuma abin da na fi so mai karatu ta ɗauka shi ne irin tambayoyin da za ta yi a duk inda take awo.

Zan fara da ɗakin hoton ciki, domin a nan ne gazawar farko ta faru. Cikina yana wajen mako 30 lokacin da mai ɗaukar hoton ya ce, ba tare da ya ɗago kai daga kwamfutarsa ba, "Hajiya, yaron a zaune yake," ya miƙo mini takarda ya kira ta gaba. Mace mai ciki da ta ji wannan magana ba abin da zai faɗo mata a rai sai tiyata, kuma babu dalilin da zai sa a bar ta ta koma gida da wannan fargaba alhali amsar ba ta wuce jimla biyu ba. Sai a awo na gaba likitan mata ya zaunar da ni ya warware mini zancen. Ya ce a wajen mako 28, kusan jariri ɗaya cikin kowane huɗu ko biyar a zaune yake, domin a lokacin jikinsa ƙarami ne, ruwa kuma yana da yawa, yana juyawa yadda ya ga dama. Yayin da yake girma wuri yana matse masa, sai ya nemi kwanciyar da ta fi dacewa da siffar mahaifa, wadda samanta ya fi faɗi, ya bar ɗuwawu da ƙafafu a can sama, kai kuma ya sauko ƙugu. Yawancinsu kan juya da kansu kafin mako 36, ta yadda idan ciki ya cika mako 37, uku zuwa huɗu ne kawai cikin ɗari suke nan a zaune. Saboda haka, in ji shi, babu abin da za a yi a mako 30 sai ci gaba da awo da addu'a. Wannan bayani ya kamata a ce kowane mai ɗaukar hoto ya haddace shi, ko kuma a rubuta shi da Hausa a manna a bangon ɗakin.

Daga nan zuwa mako 36 ban ga abin da zan kushe ba a aikin awo. A kowane zuwa sista takan shafa cikin da hannu ta nemo inda kai yake, kuma ita ce ta koya mini yadda zan gane da kaina: wani abu mai tauri, zagayayye, yana tokare ni a ƙarƙashin haƙarƙari, shurin ƙafa kuma ina jin sa can ƙasa wajen mara maimakon a sama. Na tambaye ta game da durƙuson da ake cewa mai ciki ta riƙa yi, gwiwoyi da ƙirji a ƙasa, ƙugu a sama, don jaririn ya juya. Ta ce in yi idan ba ya sa ni jiri, amma kada in ɗora rai a kai, domin binciken da aka yi bai tabbatar da cewa yana juya jariri ba. Na ji daɗin wannan gaskiya, don da ta so sai ta ba ni tabbacin da ba ta da shi, in tafi ina murna.

Da mako 36 ya cika jaririn yana nan yadda yake, sai likita ya sa aka sake hoto, wannan karo shi da kansa a tsaye. Ba kwanciyar kaɗai ya duba ba, ya nemi dalilinta. Ya duba inda mabiyiya take, domin idan ta sauko ta toshe bakin mahaifa, kai ba zai sami hanyar sauka ba, kuma a wannan hali ba a taɓa cikin sam, tiyata ce kawai mafita. Ya auna yawan ruwa, saboda idan ya yi yawa jariri ba ya tsayawa wuri ɗaya, idan kuma ya yi kaɗan ba ya samun damar juyawa. Ya duba ko akwai ƙari a mahaifa, ya ƙiyasta nauyin jaririn, ya kuma duba yadda ƙafafunsa suke. Ya ce zaman iri uku ne: akwai wanda ƙafafunsa suke miƙe sama har wajen fuska, akwai wanda ya naɗe ƙafafu kamar mai zaman cin tuwo, akwai kuma wanda ƙafa ɗaya ko biyu suka zuro ƙasa suka riga ɗuwawu, kuma wannan na ƙarshe ya fi haɗari, domin cibiya tana iya sulluɓowa ta gefen ƙafar idan faya ta fashe. Nawa ya naɗe ƙafafu ne, mabiyiya tana can sama ta baya, ruwa daidai, babu ƙari. Abin da ya fi zato shi ne mahaifar da ta haihu sau da yawa takan yi sako-sako, jariri ya sami sararin zama yadda ya so har ƙarshen ciki.

A nan ne asibitin ya yi abin da ya fi burge ni. Likita bai yanke hukunci shi kaɗai ba, kuma bai bar ni in je gida in yi ta fama da bayanin da ban ƙware a kai ba. Ya ce in zo da maigidana, in kuma da hali, da duk wata babba da ake jin maganarta a gidan. Ya san garin da yake aiki. A lokacin Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta riga ta yi magana da wata tsohuwar ungozoma a unguwarsu da ke cikin gari, wadda aka sani da gyaran ciki da man shanu, kuma Hajiya ba don komai ta yi haka ba sai don tsoron kada a yanka surukarta. Da muka zauna, likita ya gaishe ta da ladabi, ya ce, "Hajiya, abin da ungozoma take nufin yi da abin da nake nufin yi ɗaya ne, kuma ban raina hannunta ba. Bambancin shi ne ni ina ganin inda mabiyiya take kafin in taɓa, ina jin bugun zuciyar yaro yayin da nake taɓawa, sannan ɗakin tiyata yana nan kusa idan wani abu ya faru." Ya bayyana mata cewa matsa ciki da ƙarfi yana iya ɓamɓare mabiyiya daga jikin mahaifa jini ya ɓalle a ciki, ko ya matse cibiya, kuma a ɗakin gida ba wanda zai san haka ta faru sai bayan lokaci ya ƙure. Hajiya ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "To, likita, Allah ya yi maka jagora." Ba a sake zancen gyaran gida ba.

Hanyoyi uku ya shimfiɗa mana. Ta farko a gwada juyawa da hannu, wadda ake yi daga mako 36 ga mai cikin fari, daga mako 37 kuma ga wadda ta taɓa haihuwa. Ya ce ana dacewa a kusan rabin waɗanda aka gwada wa, kimanin kashi 40 cikin ɗari ga masu cikin fari, kashi 60 ga waɗanda suka taɓa haihuwa, kuma kusan mace ɗaya cikin 200 takan buƙaci tiyatar gaggawa sakamakon aikin. Ta biyu a tsayar da ranar tiyata a wajen mako 39. Ta uku a bari naƙuda ta zo a haifi jaririn ta ɗuwawu, abin da ya ce yana yiwuwa, amma sai da sharuɗɗa: nauyin jariri matsakaici, ba mai zuro ƙafa ba, a asibitin da ke da ɗakin tiyata a shirye, a hannun wanda ya saba karɓar irin wannan haihuwa. Haɗarinta shi ne jiki ya fito kai ya maƙale, tun da kai ne mafi girma kuma shi ne zai zo ƙarshe. Ya ambaci wani babban bincike da likitocin Kanada suka jagoranta, wanda aka wallafa a shekarar 2000, da ya haɗa mata sama da 2,000 a ƙasashe 26, inda aka ga cewa jariran da aka tsara wa tiyata sun fi tsira daga mutuwa ko mummunan rauni a lokacin haihuwa. Tun daga lokacin asibitoci a duniya suka karkata ga tiyata, har masu ƙwarewar karɓar haihuwa ta ɗuwawu suka ragu.

A ganina, a nan ne darajar wannan hidima take ga matan Kano musamman. Macen da za ta haifi 'ya'ya biyu ta tsaya, tabon tiyata ɗaya ba zai dame ta sosai ba. Mu kuwa yawancinmu muna sa ran haihuwa da dama a gaba, kuma kowane tabo a mahaifa yana bin mace zuwa ciki na gaba: yana ƙara haɗarin mahaifa ta yage a lokacin naƙuda, musamman ga wadda ta yi naƙudar a gida, yana ƙara yiwuwar mabiyiya ta manne a kan tabon ta ƙi fita, sannan bayan tiyata biyu yawancin likitoci ba sa yarda a sake gwada haihuwa da kai. Ga kuma kuɗin aikin da jinyar da ke biyo baya. Ba ina kushe tiyata ba ne, domin tana ceton rai, kuma wadda likita ya ce ita ce mafita gare ta, kada ta tsaya jan ƙafa. Abin da nake cewa shi ne, asibitin kuɗi da ya ba mace damar kauce wa tiyata, alhali tiyatar ta fi kawo masa kuɗi, ya cancanci a yaba masa a kan wannan.

Muka zaɓi hanya ta farko, wato juyawa da hannu. Ranar aikin an ce in zo da safe ban ci komai ba, saboda ko da za a buƙaci shiga ɗakin tiyata. Aka sa mini allurar ƙarin ruwa a bayan hannu, aka ɗaura mini wasu maɗaurai biyu a ciki da ke haɗe da na'urar da ke zana bugun zuciyar jariri a takarda, na kwanta kusan rabin awa ana saurare. Aka sake hoto don a tabbatar bai juya da kansa cikin dare ba, abin da likita ya ce yana faruwa. Sannan aka yi mini allurar da ke sassauta mahaifa. Sista ta riga ta gargaɗe ni cewa zuciyata za ta riƙa bugawa da sauri hannuwana kuma su yi rawa, haka kuwa aka yi, kuma da ba ta faɗa mini ba da na tsorata ƙwarai.

Aka kwantar da ni, aka ɗan karkata ni gefen hagu da matashi. Likita ya barbaɗa hoda a cikin, ya nutsa yatsunsa can ƙasa wajen mara, ya tallabo ɗuwawun jaririn ya ɗago shi daga ƙugu a hankali, ɗaya hannun kuma ya kama kan ta sama yana tura shi gaba, ta inda fuskar jaririn take kallo. Ba zan ce babu ciwo ba. Matsi ne mai nauyi da ke ɗauke numfashi, har sai da na riƙe ƙarfen gadon ina salati, amma bai kai zafin naƙuda ba, kuma tun farko ya ce mini duk lokacin da na ce a tsaya, za a tsaya. Da ya kai rabin hanya, jaririn yana gicciye, sai ya dakata, ya riƙe shi a haka da hannu ɗaya, sista ta ɗora abin hoto a kan zuciyarsa. Bugun ya ɗan ragu, dukkansu suka zuba wa allon ido ba mai magana, har ya dawo daidai, sannan ya ci gaba. Abin da na ji a ƙarshe shi ne wani motsi mai nauyi ya ratsa cikina gaba ɗaya, tokarar da ke ƙarƙashin haƙarƙarina ta tafi, nauyi ya sauko mara. Juyawar kanta ba ta fi 'yan mintuna ba. Bayan haka aka mayar da ni kan na'urar sauraron zuciya na kusan awa ɗaya kafin a sallame ni.

Sun kuma kula da wani abu da ake yawan mantawa, wato rukunin jini. Macen da jininta yake da alamar negetif ana yi mata allurar Anti-D, wadda ke hana jikin uwa yaƙar jinin jariri, bayan aikin, cikin awa 72, domin matsa ciki yana iya sa jinin jariri ya ɗan gauraya da na uwa. Nawa bai buƙaci haka ba, amma sun duba kafin su fara. An kuma lissafa mini alamomin da idan na gani zan dawo nan take, dare ko rana: zubar jini, fashewar faya, ciwon ciki mai tsanani, ko raguwar motsin jariri.

Yanzu sai inda suka gaza, kuma ba ƙananan abubuwa ba ne. Na farko shi ne kuɗi. An faɗa mana farashin juyawar tun da wuri, amma ba a ce hoton safiyar, da na'urar sauraron zuciya, da allurar, da gadon da na kwanta a kai, kowanne da kuɗinsa daban ba. Sai da aka gama maigidana ya je wajen biya ya tarar da lissafin ya kusa ninka abin da ya zo da shi. Wanda ba shi da hali zai shiga kunya a gaban jama'a, kuma babu wahala a rubuta wa mutum jimlar kuɗi a takarda tun ranar da aka tsayar da magana.

Na biyu ya fi wannan nauyi. Asibitin ba shi da ma'ajiyar jini, kuma sai a safiyar aikin aka ce wa maigidana ya nemo wanda zai ba da jini ko da za a buƙata. Ya shiga kiran 'yan'uwa a waya ina kwance an riga an sa mini allurar ruwa. Aikin da aka san yana iya ƙarewa da tiyatar gaggawa, ko da sau ɗaya ne cikin 200, bai kamata a fara shi ba sai jini yana ajiye. Haka kuma da na tambaya na gane cewa ba su da sashen kula da jarirai marasa lafiya, sai dai su tura jariri wani babban asibiti, kuma wannan ma ba su faɗa ba sai da na yi tambaya.

Na uku shi ne sutura. Likitan namiji ne, kuma na amince da hakan tun da shi ne ƙwararren da ke akwai, sista kuma tana tsaye daga farko har ƙarshe. Amma ƙofar ɗakin ba ta rufuwa sosai, ma'aikata suna shiga suna fita ɗaukar kaya, har sai da na roƙi sista ta ja labule ta ƙara mini zane. Mace ba za ta saki jikinta ba idan hankalinta yana kan ƙofa, alhali sakin jiki yana cikin abin da ke sa aikin ya yiwu. Jiran layi ranar awo ma yana da tsawo, kujeru ba su isa ba, amma wannan ciwo ne na kusan kowane asibiti a garin nan, ba zan tsawaita a kansa ba.

Ya kamata a sani cewa ba kowace mace ake yi wa wannan aiki ba, kuma asibitin da ya yarda ya yi wa kowa abin gudu ne. Ba a yi wa wadda mabiyiyarta ta toshe hanya, ko wadda ta zubar da jini a kwanakin da suka gabata, ko wadda fayarta ta fashe, ko mai tagwaye, ko wadda bugun zuciyar jaririnta bai gamsar ba, ko wadda dama akwai wani dalilin da ya wajabta mata tiyata. Mai hawan jini da wadda aka taɓa yi wa tiyata, likita ne zai auna halin kowacce. Na ga wata da muke awo tare an duba ta an ce ba za a taɓa ba saboda ruwanta ya yi kaɗan, aka sa mata ranar tiyata, kuma wannan ƙin ya ƙara mini yarda da likitan. Wadda kuma jaririnta yake a zaune har yanzu, idan faya ta fashe ko naƙuda ta fara, kada ta zauna a gida tana jiran ciwo ya kankama kamar yadda muka saba. Ta tafi asibiti nan da nan, idan kuma ta ji wani abu kamar igiya ya sauko, ta durƙusa ƙirji a ƙasa ƙugu a sama har a isa.

Ga wadda kuɗin asibitin kuɗi ya fi ƙarfinta, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Asibitin Murtala, da Asibitin Nasarawa duk suna da sashen mata da haihuwa da ɗakunan tiyata, kuma tana da haƙƙin ta tambayi likitan da ke duba ta ko za a iya gwada juyawa kafin a tsayar da ranar tiyata. Muhimmin abu shi ne ta yi tambayar a mako 35 ko 36, domin idan ɗuwawu ya riga ya nutse cikin ƙugu ko naƙuda ta kusa, aikin yana ƙara wuya.

Bayan mako guda na koma aka tabbatar kai yana nan ƙasa. Likita ya ce kaɗan daga cikin jariran da aka juya, ƙasa da biyar cikin ɗari, sukan koma yadda suke, shi ya sa ko a daren da naƙuda ta kama ni, sista ba ta wadatu da abin da ke rubuce a kati ba, sai da ta sake ɗora abin hoto ta ga kan da idonta kafin ta shigar da ni ɗakin haihuwa. Na haihu da kaina, namiji, lafiya lau, alhamdulillahi. Idan wata 'yar'uwa ta tambaye ni, zan tura ta wajen wannan likita, amma zan ce mata ta karɓi jimlar kuɗi a rubuce, ta tabbatar an tanadi jini kwana ɗaya kafin ranar, ta kuma tambayi asibitin da za a kai jariri idan ya zo yana buƙatar kulawa ta musamman.